Takardu da Bayanan da Kwastam ke Nema Kafin Su Saki Kayan da Aka Shigo da Su

Kafin jami'in kwastam ya ɗora ido a kan kwantena, ya riga ya karanta ta a kwamfuta. Kamfanin jirgi ya aiko da jerin abin da ya ɗauko, ejan, wato wakilin da ke fitar wa mai kaya da kayansa daga kwastam, ya shigar da bayanin kayan, hukumomin da ke ba da izini sun saka nasu. Aikin jami'in na farko shi ne ya jera waɗannan bayanai ya ga ko bakinsu ɗaya. In sun dace, sau da yawa kaya kan fita ba a ko tsinke hatimin ƙofa ba. In wata takarda ta ce katan 480, wata ta ce 840, to kaya sun zauna, kuma duk daren da suka kwana a tasha akwai mai rubuta kuɗinsa. Mafi yawan kayan da ke maƙalewa ba haramtattu ba ne, takardunsu ne ke ƙaryata juna.

Tun kaya ba su bar hannun mai sayarwa ba

Tun ran gini, ran zane. Gyaran takarda kafin jirgi ya tashi saƙon imel ɗaya ne. Bayan ya tashi kuwa sai da kuɗi, da izinin kamfanin jirgi, wani lokaci har da na kwastam.

Da farko, mai shigo da kaya ya tabbata yana da rajista a wurin kwastam na ƙasar da kayan za su sauka. A wasu ƙasashe lambar biyan haraji ce ke wannan aiki, a Tarayyar Turai kuma lambar EORI ce. Sunan da ke kan rajistar shi ne zai bayyana a kowace takarda, harafi da harafi. Kada a yi rajista da cikakken sunan kamfani sannan a bar mai sayarwa ya rubuta sunan da ake kiran ka da shi a waya.

Sai binciken ko kayan na buƙatar izini. Magunguna, sinadarai, abinci, irin shuka, dabbobi, na'urorin sadarwa da duk abin da ya danganci makami, kusan ko'ina akwai hukumar da ke tsaye a kansu ban da kwastam. Yawancin irin wannan izini kafin a yi lodi ake karɓarsa, kuma izinin da kwanan watansa ya biyo bayan na tashin jirgi kan zama abin tuhuma maimakon kariya.

Wasu ƙasashe ma tun kafin lodi suke son bayani. Amurka na buƙatar mai shigo da kaya ta ruwa ya aika bayanan da ake kira ISF awa 24 kafin a ɗora kwantena a jirgi, kuma saɓa wa hakan na iya jawo tarar dala 5,000. Tarayyar Turai ita ma tana karɓar bayanin kwantenar da ta taso daga nesa awa 24 kafin lodi, tare da lambar rukunin kaya mai alƙaluma shida.

Ka roƙi mai sayarwa ya turo maka kwafin gwaji na kowace takarda kafin ya buga ta ƙarshe. Ka ajiye su gefe da gefe, ka bi layi-layi.

Takardu ukun da komai ya rataya a kansu

Ta farko ita ce takardar farashi, wato inbois. Dole ta nuna cikakken suna da adireshin mai sayarwa da mai saye, lambarta da kwanan wata, bayanin kowane kaya, adadi da ma'auninsa, farashin ɗaya da jimilla, irin kuɗin da aka yi ciniki da shi, ƙasar da aka ƙera kayan, da sharaɗin isarwa tare da sunan wuri. Inda aka fi yin sakaci shi ne bayanin kaya. “Kayan gyara”, “kayan lantarki”, “samfur” ko “kyauta” ba bayani ba ne. Bayani mai kyau yana amsa tambaya huɗu: mene ne, da me aka yi shi, me ake yi da shi, sabo ne ko an yi amfani da shi. Ga na'ura a ƙara sunan kamfani, lambar samfuri da ƙarfinta. Kayan da aka ba ka kyauta ma sai an rubuta musu ƙimar gaskiya, a ƙara da cewa ba a biya ba. Sifiri ba ƙima ba ce a wurin kwastam. Kuma inbois na share fage da ake turowa lokacin ciniki ba ya maye gurbin na ƙarshe.

Ta biyu ita ce takardar jerin kaya. Ba ruwanta da kuɗi. Tana faɗin katan nawa, abin da ke cikin kowanne, alamomin da aka rubuta a jikinsu, girmansu, da nauyi iri biyu: na kayan zalla da na kayan haɗe da maƙunshinsu. In aka zo bincike, da ita jami'i zai ce a ciro masa katan na 37. In an sa wa katan lamba kuma abin da ke ciki ya dace da takarda, buɗe biyar ko goma na iya wadatarwa. In ba lamba, sai a sauke kwantena duka a ƙasa.

Ta uku ita ce takardar lodin jirgi, wadda 'yan harkar ke taƙaitawa da B/L. Aiki uku take yi: rasit ce ta karɓar kaya, shaida ce ta yarjejeniyar dako, sannan in an rubuta ta “bisa umarni”, duk wanda ya riƙe ta da sa hannun da ya dace a bayanta shi ke da kayan. Akan fitar da asalinta guda uku, kuma da zarar an miƙa ɗaya sauran biyun sun mutu. In banki ne aka rubuta a gurbin mai karɓa, kamfanin jirgi ba zai ba ka ko tsinke ba sai banki ya sa hannu ya miƙa maka. In mai sayarwa ya mayar da asalin takardun a tashar lodi, ofishin can zai aiko da saƙon saki, ba sai an jira masinja ba. Takardar jirgin sama daban take: ba a cinikinta, kuma lambarta alƙaluma 11 ce, uku na farko na kamfanin jirgin.

Abin da za a duba a takardar lodi shi ne sunan mai karɓa, tashar sauka, adadin ƙunshi, nauyi, lambar kwantena da lambar hatimi. Lambar kwantena haruffa huɗu ce da alƙaluma bakwai, kuma na ƙarshen ba ado ba ne: daga sauran goman ake lissafo shi, shi ya sa kwamfuta ke tofar da lambar da aka kuskure alƙalami ɗaya a cikinta. In ta hannun dillalin dako kayan suka biyo, za a sami takardar lodi biyu, babba ta kamfanin jirgi da ƙarama ta dillalin. Ka tambayi wace lamba ce ta shiga jerin kayan jirgin da aka miƙa wa kwastam, don da ita za a ɗaure bayaninka. In ba su haɗu ba, kwamfuta za ta ce ba ta san da kayan ba, alhali ga kwantena can a tsaye.

Wani abu da ke rikita sababbi: tun 1 ga Yulin 2016 ba a ɗora kwantena a jirgin ruwa sai an ba da tabbataccen nauyinta, wanda ake kira VGM. Wannan nauyi ya haɗa da na ƙarfen kwantenar kanta, wanda ke rubuce a ƙofarta. Don haka zai fi na takardar jerin kaya da ton biyu zuwa huɗu, gwargwadon girman kwantenar. Ba shi ake shigarwa a matsayin nauyin kaya ba.

Lambar HS: inda kuɗi ke shiga ko fita

Kowane kaya a duniya yana da lamba a tsarin da ake kira HS, wanda Ƙungiyar Kwastam ta Duniya da ke Brussels take kula da shi tun da ya fara aiki a 1988. An kasa shi sashe 21, da rukunoni sama da 5,000. Alƙaluma biyu na farko babi ne, biyu na gaba kanun magana, biyu na ƙarshe ƙaramin rukuni. Waɗannan shida ɗaya suke ko'ina. Abin da ya biyo bayansu kowace ƙasa da nata: Tarayyar Turai na kai shi takwas, sannan goma wajen shigo da kaya, Amurka ma goma, amma ba goma iri ɗaya ba. Saboda haka lambar da mai sayarwa ya rubuta ta ƙasarsa ce. Ka ɗauki shidan farko a matsayin shawara, ka tabbatar da su, sauran ka nemo a littafin harajin ƙasar da kayan za su shiga.

Wannan lamba ce ke yanke adadin haraji, da ko ana buƙatar izini, da ko kayan na cikin waɗanda aka hana. Ga misali. Mutum ya sayo kayan wutar sola, inbois ya ce “kayan sola, saiti 50”. A wurin kwastam abu uku ne aƙalla: faifan sola na ƙarƙashin 8541.43, inbata na 8504.40, batirin litiyom na 8507.60. Kowanne na iya samun harajinsa, batirin kuma yana cikin kaya masu haɗari, aji na 9, da takardunsa na daban. In ba a raba farashinsu a inbois ba, an bar wa jami'i ya raba da kansa, kuma ba lallai rabon ya yi maka daɗi ba.

Tufafi ma haka. Saƙa mai miƙewa irin ta singileti tana babi na 61, ɗinkin yadi na babi na 62. Rigar tishat ta auduga 6109.10 ce, ta sauran zare 6109.90. In gauraye ce, zaren da ya fi nauyi ke ja, don haka sai an rubuta kashi nawa ne auduga, kashi nawa ne roba.

Akwai ƙa'idoji shida na fassara tsarin, kuma biyu daga ciki sun fi cin mutane. Ɗaya ta ce kayan da aka kawo a warware, ko ba su kammala ba amma sun riga sun ɗauki siffar cikakken abu, a matsayin cikakken za a ɗauke su. Kwance babur a zuba shi cikin katan bai mayar da shi kayan gyara ba. Ɗayar ta ce kayan da aka haɗa saiti don sayarwa suna bin lambar abin da shi ne jigon saitin.

Ana sabunta tsarin lokaci-lokaci, an yi a 2017, an sake a 2022. A sabuntawar 2022 ne wayar zamani ta samu lambarta ta kanta, 8517.13, bayan da can tana cikin 8517.12. Wanda ke kwafo lamba daga tsohon fayil ya kula. In kayan na da sarƙaƙiya kuma za ka riƙa kawo su akai-akai, ka nemi hukuncin kwastam a rubuce tun kafin su iso. A Tarayyar Turai irin wannan hukunci na aiki shekara uku. Ya fi gardama a bakin kwantena, inda agogo ke gudu a kanka kai kaɗai.

Ƙimar kaya da lissafin haraji

Ƙasashen da ke cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya sun amince cewa tushen ƙima shi ne kuɗin da aka biya da gaske, ko za a biya, a kan kayan. Sai dai akwai abubuwan da ake ƙarawa in ba su cikin inbois: kuɗin ɗauri da maƙunshi, la'adar dillalin mai sayarwa, kuɗin amfani da sunan kamfani ko fasaharsa in sharaɗin ciniki ne, da kuma duk abin da mai saye ya ba masana'anta kyauta don ta yi masa aikin, kamar zubin da ake ƙera kaya a ciki. Wannan na ƙarshe ana yawan manta shi, kuma masu bincike na baya sun san inda za su same shi.

Kuɗin dako da inshora kuwa ya danganta da ƙasa. Yawancin ƙasashe, har da Tarayyar Turai, suna haɗa su cikin ƙima. Amurka ba ta haɗawa. A nan ne sharaɗin isarwa ke da nauyi. Sharuɗɗan isarwa na ƙasa da ƙasa, waɗanda ake kira Incoterms, guda 11 ne a bugun 2020. In inbois ya ce FOB, farashin ya tsaya a kan jirgi a tashar lodi, sai ka kawo takardar kuɗin dako da ta inshora a ƙara. In ya ce CIF, suna ciki. In EXW ne, har kuɗin ɗauko kaya daga masana'anta zuwa tasha sai an ƙara. Sharaɗi ba sunan wuri rabin magana ne.

Ga lissafi, da alƙaluman misali kawai. Kaya na dala 20,000 a FOB, dako 2,400, inshora 100: ƙima ta zama 22,500. In haraji kashi 10 ne, ya kama 2,250. Harajin VAT galibi a kan ƙima haɗe da harajin ake ɗora shi, wato a kan 24,750. In kashi 15 ne, ya kama 3,712.50. Jimilla 5,962.50. Ka ga ke nan kuskure a lambar HS sau biyu yake cizo. Canjin kuɗin da za a yi amfani da shi kuma wanda hukuma ta wallafa ne na lokacin, ba wanda ka saya da shi ba.

In jami'i ya yi shakkar farashi, zai nemi hujja: yarjejeniyar ciniki, shaidar tura kuɗi ta banki, wasiƙun ciniki, jerin farashin masana'anta. In bai gamsu ba, doka ta jera masa hanyoyin da zai bi ɗaya bayan ɗaya: farashin kaya iri ɗaya sak, sannan masu kama da su, sannan a lissafo baya daga farashin sayarwa a cikin ƙasa, sannan daga kuɗin ƙerawa, sai ta ƙarshe wadda ake sassauta waɗannan. Rangwame na gaskiya ya fito a fuskar inbois da dalilinsa. Game da inbois biyu, ɗaya na banki ɗaya na kwastam, magana ɗaya ce: ranar da aka haɗa su, abin ya tashi daga kuskure ya koma zamba, kuma mai kaya ne zai amsa, ba mai sayarwar da ya buga ba.

Asalin kaya, takardun lafiya da katako

Ƙasar da jirgi ya taso daga ita ba lallai ita ce asalin kaya ba. Asali shi ne inda aka noma, aka haƙo, ko aka yi wa kayan sauyi na gaske. Sake ɗauri ko liƙa sabon tambari ba ya canza shi. In ana neman sauƙin haraji ƙarƙashin wata yarjejeniyar ciniki, sai da takardar shaidar asali irin wadda yarjejeniyar ta ambata, kuma lambar inbois da ta HS da ke cikinta su dace da sauran takardu.

Tsirrai da abin da aka samu daga gare su na tafiya da takardar lafiyar tsirrai daga hukumar ƙasar da suka fito. Nama, madara da fata da takardar likitan dabbobi. Sinadarai da takardar bayanin haɗari.

Sai katako, wanda ba wanda ke tunawa da shi. Dandamalin katako da akwatin da aka ɗaure kaya a ciki suna ƙarƙashin ƙa'idar ISPM 15. Dole a gasa katakon har tsakiyarsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko a yi masa hayaƙin magani, sannan a buga masa tambari mai ɗauke da haruffa biyu na ƙasa, lambar wanda ya yi aikin, da HT in gashi aka yi, ko MB in hayaƙi ne. Filawud da sauran katakon da aka sarrafa da zafi da gam ba su ciki. Kaya lafiyayyu na iya tsayawa, ko a mayar da su, saboda ɗan guntun katakon da aka tokare su da shi.

Shigar da bayani

Yanzu kusan ko'ina ta kwamfuta ake yi. Ƙasashe da dama na amfani da manhajar ASYCUDA ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wasu kuma da tasu. Abin da ake cikewa bai cika bambanta ba: mai aikowa, mai karɓa da lambarsa, ejan da lasisinsa, sunan jirgi da lambar tafiya, lambar takardar lodi, lambar kwantena da hatimi, sannan ga kowane layi lambar HS, asali, adadi, nauyi biyu, ƙima da lambar izini. Akwai kuma lambar da ke nuna nufin shigowar: don amfani a cikin ƙasa, don ajiya a sito ƙarƙashin kwastam, don wucewa zuwa wata ƙasa, ko na ɗan lokaci. A kula da ma'auni. In littafin haraji ya ce a ƙirga takalma ƙafa bibbiyu, wanda ya shigar da ɗai-ɗai ya ninka kayansa da hannunsa.

Ejan ne ke danna maɓalli, amma alhakin gaskiyar bayani na wuyan mai kaya. Ka nemi ganin kwafin kafin a tura, ka kuma karɓi rasit na hukuma na duk abin da aka biya. Yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da ta fara aiki ranar 22 ga Fabrairun 2017 ta buƙaci ƙasashe su ba da damar shigar da takardu tun kaya ba su iso ba. Inda ake yin haka, wanda ya jira jirgi ya tsaya kafin ya fara ya zubar da kwanakin da ake ba shi kyauta kafin a fara cajin kuɗin zaman kwantena a banza.

Bayan an tura, kwamfuta ce ke zaɓar layi. Kore, a saki. Rawaya, a duba takardu. Ja, a buɗe kaya ko a wuce da su ta na'urar haskawa. Shuɗi, a saki yanzu a bincika daga baya. Tana duba irin kayan, ƙasar da suka fito, da tarihin mai kaya da na ejansa, don haka kuskuren bana na iya jawo jan layi baɗi. In za a buɗe, kai ko wakilinka ku kasance a wurin, a karanta lambar hatimi kafin a tsinke, a ɗauki hotonta. Hatimin da bai dace da takarda ba, a rubuta shi nan take kafin a taɓa ƙofa.

In saɓani ya taso kan lamba ko ƙima, ba dole kaya su zauna har a gama ba. Ana iya neman a sake su bisa jingina ko lamunin banki da ya rufe bambancin, a ci gaba da ɗaukaka ƙara a rubuce. Sau da yawa wannan ya fi araha, don masu jiran kuɗi uku ne: tasha na cajin ajiya, kamfanin jirgi na cajin kwanakin da kwantena ta wuce a cikin tasha, sannan yana cajin waɗanda ta yi a waje kafin a dawo da ita. Kuma haƙurin hukuma na da iyaka. A Tarayyar Turai ajiyar wucin gadi kwana 90 ce. A Amurka kayan da ba a shigar da bayaninsu cikin kwana 15 ba ana kwashe su zuwa sito na musamman, bayan wata shida a iya yin gwanjonsu.

Sakin kwastam kuma ba shi kaɗai ke buɗe ƙofar tasha ba. Sai an biya kamfanin jirgi ya ba da takardar miƙa kaya, wadda ita ma tana da ranar ƙarewa, an biya tasha, an sami takardar fita mai ɗauke da lambar motar da za ta ɗauka. In an mayar da kwantena wayam, a karɓi takardar da ke nuna ranar da halin da aka mayar da ita, don da ita ake karɓo kuɗin jinginar da aka ajiye a kan kwantenar. Fayil ɗin gaba ɗaya, har da shaidar biyan banki da saƙonnin ciniki, a adana shi: Amurka na buƙatar shekara biyar, Tarayyar Turai aƙalla uku, kuma a cikin wannan lokaci kwastam na da ikon dawowa su sake lissafi.